Kuɗin Shingen Lalle

An aiko ni daga Sinnar da igiyar awo
da fom mai gida shida,
in je Mai Wurno, layin bayan maƙera,
in faɗi nawa ne shingen Inna Tabawa.

Tankar ruwa ce ta yi baya da asuba.
Direban, Ɗahiru, gemunsa ma bai haɗu ba,
yana tsugune a gindin katanga
yana juya makulli a yatsa.

Lalle goma sha ɗaya a jere,
bakwai sun kwanta, taya ta bi ta kansu,
ga yasmin ɗaya a kusurwa
ta tsage biyu kamar rake.
Ƙamshin ɗanyen ganye ya cika layin
har awakin maƙwabta sun zo ta'aziyya.

Gida na farko, tsawo.
Na ja igiya, mita biyu da ɗoriya.
Na biyu, kaurin gindi.
Tafin hannuna bai zagaye na tsakiyar ba.
Na uku, shekaru.
Na ce ashirin. Ta ce, ƙara uku.
Shekarar da kogi ya shigo har kasuwa
Malam ya yanko su daga Madani a jiƙaƙƙen buhu,
ya rasu ba su kai masa ƙugu ba.

Na huɗu, kuɗin dashe wurin masu raino.
Wannan na sani, jiya na tambaya,
ɗan tsiro a leda bai fi burodi biyar ba.
Sai dai ban ga mai sayar da shekara ashirin da uku a leda ba.
Shi ya sa aka koya mana ninki a gida na biyar:
jarka kaza sau rani kaza,
taki, almakashi, ladan mai datse kai.
Na buga, na goge, na sake bugawa.
Fam ɗin namu ma ba ya tsayawa a auna shi,
kuɗin safe daban, na la'asar daban.

Ta kawo gahawa mai citta, ta zauna bakin gadon igiya.
Ta ce, a lissafinka akwai rufin asiri?
Yau ina wanke-wanke
duk mai wucewa ya san abin da na dafa jiya.
Na ce, Inna, gida shida ne kawai.

Na faɗi jimla.
Makullin Ɗahiru ya tsaya.
Albashinsa ne na wata tara, in bai ci ba, bai sha ba.

Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauko wuƙar yanka kuɓewa,
ta kankare gindin da ya fi jin jiki.
Kore shar a ƙarƙashin ɓawo.
Ta bi sauran shidan ɗaya bayan ɗaya.
Ta ce, kai mai awo, matacce ake wa kuɗi,
waɗannan suma suka yi.
Ruwa nake so.
Duk Juma'a ya zo da tankarsa,
da gaba zai shigo, ba da baya ba,
ya ba su jarka huɗu,
har ranar da zai tsaya a waje
ya yi ɗage bai hango randata ba.

Na ce, yasmin fa?
Ta daɗe tana kallon kusurwar.
Ta ce, ita kam ta tafi.
Rubuta kuɗinta, kar ka rage ko ƙwandala.

Gida na shida, bayani.
Bai fi faɗin yatsa biyu ba.
Na cusa Juma'a a ciki, na cusa jarka,
randar ta fita gefen takarda.

A motar komawa, kusa da gada,
na ga babban yatsana ya yi ja,
ashe tun ɗazu ina murza ganyen ban sani ba.
Ya bar shaida a ƙasan fom ɗin, daidai wurin hatimi.
Gobe shugabana zai tambaya na wane ofishi ne.